Yadda ake ɗaure anzim a jikin ƙwayoyin ƙarfe don ya jure zafi kuma a maimaita aiki da shi

Duk wanda yake aiki da anzim a labo nan Yamai ya san wahalarsa. Daga waje ake aiko shi, da tsada, bayan dogon jira. Idan ya iso kuma, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga firigon da ke hucewa duk lokacin da kuran ya ɗauke. Abin da ya fi ciwo shi ne, da ka zuba shi cikin ruwan gwaji ya gama aikinsa, shi ke nan kun rabu. Lafiyarsa ƙalau, zai iya sake aikin, amma ya narke cikin ruwan, ba ka da hanyar tsamo shi. Don haka nake ganin koyon ɗaure anzim ya fi zama dole a gare mu bisa waɗanda suke sayar mana da shi.

Anzim furotin ne da ke hanzarta canjin sinadarai, dogon zare na amino asid da ya naɗe kansa cikin wata siffa, kuma aikinsa duka a kan siffar nan ya dogara. Zafi warware naɗin yake yi. Idan aka kama zaren a wurare da dama aka manna shi ga wani abu mai tauri, warwarewar sai ta yi wuya. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1916 Nelson da Griffin a Amurka suka lura cewa anzim ɗin invertase da ya manne a jikin gawayi bai daina fasa sukari ba, kuma a 1969 kamfanin Tanabe Seiyaku na Japan ya fara aiki da ɗaurarren anzim a masana'anta. Abin da ya zo daga baya shi ne ƙanƙantar turken, wato abin da ake ɗaure anzim ɗin a jikinsa. Nanomita miliyan ɗaya ke cika milimita guda, kuma giram ɗaya na ƙwayoyin magnetit masu faɗin nanomita 10, a lissafi, filin jikinsu ya zarce murabba'in mita 100.

Amma ka riƙe wannan tun yanzu: akuyar da aka ɗaure a turke ba ta ɓata, sai dai ba ta cin ciyawar da ta wuce tsawon igiyarta. Ɗaurarren anzim galibi yana rasa wani kaso na kuzarinsa, a musanya ya samu tsawon rai. Aikinka shi ne ka auna ka ga ko cinikin ya yi riba.

Ni magnetit nake zaɓa, wato Fe3O4. Wani zai ce ai wannan haɗin ƙarfe da oksijan ne, ba tsantsar ƙarfe kamar zinariya ba. Gaskiya ne, kuma zan taɓo zinariya can gaba. Dalilina shi ne kayan haɗa shi na da araha, kuma ba ya buƙatar santirifijez, injin da ke juya tib da gudu don ƙwayoyi su kwanta a ƙasa. Idan ƙwayoyin ba su wuce nanomita 20 ba, mayen ƙarfe na jan su, amma da ka janye shi sai su saki juna su koma cikin ruwa. Mayen ƙarfen ma ba sai an yi odarsa ba. Je wurin masu gyaran kwamfuta, ko ka zaga kasuwar Katako, ka nemi matacciyar ma'ajiyar bayanai ta tsohuwar kwamfuta, wadda suke cewa diskidir. Cikinta akwai mayen ƙarfe na neodim mai ƙarfin gaske. Ka kula da yatsunka idan biyu suka kusanci juna.

Anzim ɗin koyo kuwa, invertase. Yana nan cikin yis ɗin da masu burodi ke amfani da shi. Ka dama busasshen yis cikin ruwan bikarbonat mai ƙarfin 0,1 M (M na nufin mol a kowace lita), ka bar shi kwana guda a digiri 35 zuwa 40 (a bazara teburin labo ma ya isa), ka tace, ruwan nan na ɗauke da anzim ɗin. Ba tsarkakakke ba ne, akwai wasu furotin a ciki, amma don hannu ya saba ya wadatar. Kada ka fara koyo da kwalbar da shugaban labo ya sha wahala kafin ya samo.

Dafa ƙwayoyin

Hanyar da Massart ya bayyana a 1981 ita ce har yau mafi sauƙi. Ana son ƙarfe mai caji uku ya ninka mai caji biyu. Auna giram 5,4 na FeCl3·6H2O da giram 2 na FeCl2·4H2O. In babu na biyun, giram 2,8 na FeSO4·7H2O zai tsaya a madadinsa. Kafin ka auna, leƙa cikin kwalbar. Gishirin ƙarfe mai caji biyu kore-kore ne. Idan ka tarar ya koma ruwan ƙasa, iska ta riga ta cinye shi, kuma abin da zai ba ka tsatsa ce da ba ta jin kiran mayen ƙarfe.

Oksijan ne abokin gaba a wannan mataki. Masu hali suna hura iskar azot cikin ruwan. In babu, tafasa tataccen ruwa mililita 200 na kamar minti 15, ka rufe, ya sauko zuwa digiri 80, sannan ka narkar da gishirin biyu. Kana juyawa da ƙarfi, ka zuba mililita 20 na amoniyak mai kashi 25 cikin ɗari, a tashi ɗaya. Ba a ɗiga shi. Zuba shi da sauri ne ke sa ƙwayoyin su fito ƙanana kuma kusan kai ɗaya. Ruwan da yake ruwan ɗorawa zai koma baƙi wuluk nan take. Ci gaba da juyawa rabin awa. A ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi ake wannan, in babu ita to a bakin taga, iska na bayanka, don amoniyak mai zafi ba ya wasa da ido da maƙogwaro.

Wani abu da littattafai ba su cika faɗa ba: kada ka jefa ɗan sandan juyawa mai maganaɗisu cikin ruwan. Ƙwayoyin za su lulluɓe shi, su dunƙule a kansa. Sandar gilashi da hannunka, ko injin juyawa na sama, su ne daidai.

Idan ya huce, jingina mayen ƙarfe a gefen kwalbar ka tsaya ka kalla. Da farko kamar ba abin da ke faruwa. Can sai ka ga baƙin yana ja gefe guda, yana barin siraran layuka a bayansa, ruwan da ke nesa ya fara washewa, har ka iya hango yatsanka ta cikinsa, baƙin kuma ya taru ya yi tudu daidai inda ƙarfen yake. Riƙe su tare, ka karkata, ka tsiyaye ruwan. Zuba sabo, girgiza, sake ja. Haka za ka yi ta yi har takardar awon tsami ta nuna pH 7 kuma warin amoniyak ya ɓace. A lissafi giram 2,3 ya kamata ka samu, amma wasu za su bi ruwan wanki. Kada ka busar da su. Busassun ƙwayoyi suna manne wa juna, kuma raba su daga baya jidali ne. Don sanin nauyinsu, ɗebi mililita ɗaya na damammen ruwan, busar da shi kaɗai, ka auna, ka lissafa saura.

Riga da ƙugiya

Ana iya zuba anzim kai tsaye a kan ƙwayoyin tsirara, zai manne da ƙarfin caji. Ga sauƙi, kuma kuzarinsa ba ya raguwa sosai. Sai dai da an canja pH ko an ƙara gishiri zai sauka ya bi ruwa. Ga invertase akwai ƙarin matsala: a pH 4,5 ya fi aiki, tsami kuwa na cin magnetit a hankali. Shi ya sa nake sa musu rigar silika tukuna, ta hanyar Stöber. Giram ɗaya na ƙwayoyi cikin etanol mililita 80 da ruwa 20, ƙara amoniyak kamar mililita 2, sannan ka ɗiga TEOS, ruwan da silikar ke fitowa daga cikinsa, mililita ɗaya sannu a hankali, a bar shi yana girgiza awa shida ko ya kwana. In kuna da bahon ultrason, mai girgiza ruwa da sauti, yanzu ne lokacinsa, kafin a zuba TEOS, don a fasa dunƙulen. Bayan an ɗaura anzim ba a sake kusantar bahon.

Daga nan sai APTES, wanda ke dasa rukunin amin, wato wurin da ƙugiya za ta kama, a jikin silikar. Mililita ɗaya zuwa biyu ga kowane giram, cikin etanol mai ɗan ruwa kaɗan, a girgiza ya kwana, a wanke da etanol sau da yawa, sannan da ruwa. APTES ba ya shiri da laima. A watan Agusta, idan aka bar kwalbar buɗe, lalacewa yake yi, don haka ɗiba ka rufe nan da nan. Kafin ka wuce, gwada: ɗan ƙwayoyi a tib, ɗigon ninhidrin, a ɗumama, a ja su gefe. Idan ruwan ya yi shuɗi mai ratsin ja, amin ya zauna. Idan bai canja ba, tsaya nan ka sake. Babu amfanin zuba anzim a kan abin da ba shi da wurin kamawa.

Ƙugiyar ita ce glutaraldehid. Hannu biyu gare shi, ɗaya ya kama amin na ƙwayar, ɗayan ya jira amin na lizin, ɗaya daga cikin amino asid ɗin da ke jikin anzim. Kashi 2,5 cikin ɗari a tampon fosfat mai pH 7 (tampon shi ne ruwan da ke riƙe pH kada ya canja), awa ɗaya zuwa biyu. Sa safar hannu da tabarau, don abin da yake yi wa furotin na anzim shi yake yi wa na fatarka. Sannan wanki, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Duk ragowar glutaraldehid da ya tsaya cikin ruwa zai ɗinke anzim da ɗan'uwansa maimakon ya ɗinke shi da ƙwaya. Wanke aƙalla sau biyar. Kuma kada ka kuskura ka yi amfani da tampon Tris a wannan mataki ko na gaba. Shi ma yana da amin, zai rigaya anzim cika ƙugiyoyin, kai kuwa kana can kana mamakin abin da ya hana kamu.

Yanzu ɗaurin kansa. Kafin komai, ware mililita ɗaya na ruwan anzim ɗin ka ajiye a sanyi. Wannan ɗan ruwa da shi za ka gwada duk abin da zai biyo baya. Sauran, a tampon fosfat mai pH 6,5 zuwa 7, zuba shi kan ƙwayoyin. Fara da miligiram 10 zuwa 20 na furotin ga kowane giram. Kwaɗayin cika da yawa ba ya biya, don idan suka cunkushe sai su tare wa juna hanya. A girgiza a hankali cikin sanyi, digiri 4, ya kwana. Ranar da za ka yi wannan, tanadi gilasiyar da ƙanƙara tun da rana, ka naɗe tib ɗin da tsumma kada ya daskare. Da safe ka ja ƙwayoyin gefe, ka tsiyaye ruwan cikin tib mai tsabta, ka rubuta suna. Ruwan wanki na farko, na biyu, na uku, kowanne da tib ɗinsa. Ɗaya daga cikin wankin a yi shi da gishiri, NaCl 0,5 M, don ya kakkaɓe wanda ya raɓe kawai bai ɗauru ba. Ƙarshe a jiƙa su awa guda cikin glisin 0,1 M ya toshe ƙugiyoyin da suka rage. Ajiya a tampon, cikin firigo, ba a ɓangaren ƙanƙara ba.

Awo, inda gaskiya take

Sau da yawa ɗalibi kan shigo yana murna: "Malam, kusan duka ya kama!" Nakan ce masa madalla, to yana aiki? Domin tambaya biyu ce daban, kuma rahotanni da yawa ta farkon kaɗai suke amsawa.

Ta farko, nawa ya kama. Da gwajin Bradford, a nanomita 595 na sipektiro, na'urar auna yawan hasken da ruwa ke sha, ka auna furotin da ke ruwan da ka ware tun farko, ka auna na ruwan da ka tsiyaye da na wanki duka, ka debe. A ce ka zuba miligiram 20, ka samu 5 a ruwaye, to 15 sun zauna, kashi 75 ke nan. Amma da ruwan yis a yi hattara. Bradford ba ya bambanta invertase da sauran furotin, ga shi kuma kusan rabin nauyin invertase na yis sukari ne da ke rataye a jikinsa, abin da gwajin ba ya gani. Saboda haka ka auna kuzarin anzim a waɗannan ruwaye ma, kada ka tsaya ga furotin.

Ta biyu, cikin wanda ya kama nawa ke da rai. Haɗa sukari, sakaroz 0,1 M, a tampon asetat mai pH 4,5, ka ɗumama zuwa digiri 50. Zuba sanannen nauyi na ƙwayoyi, girgiza minti 10 cif, ja su gefe, ɗebi ruwan ka haɗa da DNS, sinadarin gwajin sukari, tafasa minti 5, karanta a nanomita 540. Invertase na fasa sakaroz zuwa glukoz da fruktoz, su ne ke juya DNS daga rawaya zuwa ja. Ka tabbata ko ƙwaya ɗaya ba ta bi ruwan zuwa sipektiro ba, don baƙinsu na tare haske, na'urar ta ba ka lamba mai daɗin gani wadda ƙarya ce. Ka yi haka da sakakken anzim, daidai yawan wanda ya kama, ka kwatanta. Ka kuma ajiye tib biyu na shaida: ɗaya sukari da tampon kaɗai, tunda tsami da zafi su ma suna fasa sakaroz kaɗan-kaɗan, ɗaya kuma da ƙwayoyin da ba a ɗaura musu komai ba.

Inda babu DNS ko sipektiro ya lalace, na'urar awon sukari ta masu ciwon suga na iya fid da kai kunya, tunda glukoz take gani, ba ta ganin sakaroz. Ba wasa ba ne: a 2011 Yu Xiang da Yi Lu na jami'ar Illinois sun wallafa aikin da suka gina kan invertase da irin wannan na'ura. Sai dai don jini aka yi ta, don haka ka surka samfurinka da tampon mai pH 7, ka kuma gwada ta da glukoz da ka san ƙarfinsa kafin ka yarda da ita.

Akwai gwajin da nake so ƙwarai don yana tona asiri da wuri. Fara aikin kamar kullum, bayan minti 5 ka cire ƙwayoyin gaba ɗaya, ka bar ruwan a digiri 50, ka auna glukoz yanzu, ka sake aunawa bayan rabin awa. Idan ya ƙaru, anzim na tsinkewa yana shiga ruwa, ɗaurinka bai yi ba. Koma ka duba APTES ko wankin glutaraldehid.

Juriyar zafi kuwa, sa sakakke da ɗaurarre a ruwan ɗumi na digiri 60, ba tare da sukari ba, kana ɗiba duk minti 10 ko 15, kana sanyayawa, kana auna kuzarin da ya rage. Abin nema shi ne lokacin da kowanne ya faɗo rabin ƙarfinsa. Maimaita a 65. A nan ne ribar ɗauri ke fitowa fili, in akwai ta. Don maimaita aiki, zagaye bayan zagaye: sukari, minti 10, ja, tsiyaye, ɗauraye, sabon sukari. Ɗauki zagayen farko a matsayin 100. Za ka ga lamba tana sauka, amma kada ka yi saurin ɗora wa anzim laifi. Kowace tsiyaya tana tafiya da ƴan ƙwayoyi, musamman idan hannu na gaggawa. Bayan zagayen ƙarshe busar da abin da ya rage ka auna. Idan sulusin nauyin ya tafi, to asarar sulusin kuzarin daga hannunka take.

Sai lissafin ƙarshe, na ɗan kasuwa. A ce ɗauri ya bar maka kashi 60 na kuzari, amma ka yi zagaye goma kafin ya faɗo rabi. Ka tara aikin zagayen goman, ka kwatanta da aiki guda na sakakke, ka cire kuɗin TEOS da APTES da kwanakin da ka kashe. Ga anzim mai arha kamar na yis, wataƙila ba riba sai ta ilimi. Ga anzim irin lipase ko lactase da aka saya da tsada, maganar ta sha bamban.

Zinariya, a taƙaice. Muna haƙo ta a Samira da Komabangu da Jado, amma gishirinta na labo, HAuCl4, daga waje yake zuwa kuma da tsada. Hanyar ta samo asali daga ta Turkevich ta 1951: tafasa mililita 100 na ruwan gishirin nan mai ƙarfin 1 mM, zuba mililita 10 na sitrat 38,8 mM, ruwan ya bar rawaya, ya yi fari, ya yi duhu, ya tsaya a ja, ƙwayoyi masu kimanin nanomita 13 da ke shan haske wajen 520. Kyanta shi ne sulfur na sistein, wani amino asid na jikin anzim, yana kama zinariya da kansa, kuma launinta na ba ka labari. Ɗiga gishiri a kan tsirarun ƙwayoyi, su dunƙule su koma shuɗi. Idan furotin ya lulluɓe su, su tsaya a jansu. Ta dace da ƙananan na'urorin gano abu a jini ko ruwa. Don sarrafa lita-lita na sukari ko mai, ba ta da ma'ana, ga shi sai da santirifijez ake tsamo ta. Azurfa kuwa ina ba da shawarar a bar ta, don tana sakin ion ɗinta cikin ruwa, su kuma su kama sulfur na anzim su kashe shi.

Idan hannunka ya faɗa da invertase ka koma wani anzim, kada ka kwashe lambobin nan yadda suke. Amilase da za ka so gwadawa a kan sitacin gero ko rogo yana fama da girman sitacin, wanda ba ya isa ga ɗaurarren anzim da sauƙi, don haka asarar kuzari ta kan fi yawa. Lipase, na masu son juya man dogon yaro ko na aduwa zuwa man dizal na inji, ya fi sakewa a jikin abin da ba ya son ruwa, har wani lokaci kuzarinsa ya ƙaru a can. Wanda lizin ɗinsa ke kusa da bakin aikinsa, glutaraldehid na iya toshe shi, sai a koma ga wata ƙugiyar, EDC da NHS, a tampon MES mai pH 5 zuwa 6. Masu niyyar wanke ruwan rini ko na majema da anzim ɗin peroxidase kuma su san cewa tun 2007 masu bincike a Sin suka nuna magnetit da kansa yana irin aikin peroxidase idan ya haɗu da H2O2. Ruwan zai iya washewa ko da anzim ɗin ya mutu tun daren ɗauri, don haka tib ɗin ƙwayoyin da ba su da anzim shi za a fara karantawa.